Tsarabar Da Ban Saya Ba

Salamu alaikum ƴan uwa masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa, "Hamdiya, ke dai kin iya jawo wa kanki." Ban ji haushi ba ƴar uwa, gaskiya kika faɗa. Ki dai gyara zama, don abin da kika karanta a baya somin taɓi ne.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, ga ni a taƙaice. Ƴar Maradi ce ni, karatun kimiyyar abinci ya kawo ni Faransa. Ina zaune a La Courneuve, gefen Paris, wurin ƙanwar mahaifiyata, Tanti Sahadatou, can saman wani dogon bene da asansar ɗinsa, wato na'urar hawa bene, sai ranar da ya ga dama yake aiki. Ina da wanda nake so, Kamalu, yana Lyon tare da mahaifiyarsa, yana aiki a kantin magani. Ba wanda ya haɗa mu. A wani taron suna a Stains muka ga juna, muka ce mun ji mun gani. Magana ta kai gaban manya, saura kawai mahaifiyarsa ta gan ni ido da ido.

Sai kuma abin da na ɓoye wa kowa.

Inda nake staj, wato koyon aiki, ɗan ƙaramin kamfani ne a Montreuil, na wata Baturiya, Madam Odile. Ta ɗauke ni ne don na iya tsiron dawa: a jiƙa ta, a baza a rufe har ta fito da ɗan gemu, a busar. Abin da kowace mai kunun zaƙi ta sani a bayan ɗakinta, ni shi na tsallako teku na yi wa digiri. Da farko biskit muke yi da garin kunu, don mutanen da cikinsu ba ya karɓar alkama. Haka na faɗa wa Tanti, haka na faɗa wa Kamalu, kuma a lokacin gaskiya ce. Sai biskit ya ƙi sayuwa. Ana haka wasu samari suka fara sintiri a wurinmu, masu gemu buya-buya kamar na malamai, alhali ko gabas ba su sani ba. Masu ƙananan gidajen dafa giya ne. Wai da tsiron dawata ake yin giyar da masu ciwon nan za su iya sha. Kafin in ankara, duk buhun da ya fita daga hannuna wurinsu yake tafiya.

Na san abin da za ku ce: ki bar aikin mana. To takardar zamana ta ɗaliba za ta ƙare da kaka, Madam Odile kuwa ta yi alkawarin ɗaukata aiki na dindindin. In babu wannan, ko na kwana a layin ofishin takardun baƙi na Bobigny, abin da za a ce mini shi ne in tattara in koma. In na koma kuwa, ni da Kamalu sai a waya.

Shi kuma Kamalu, ranar da muka fara hira mai tsawo ya ba ni labarin yadda ya ajiye aiki a wani babban kanti, lokacin yana ɗalibi, don an ce ya riƙa jera kwalaben giya. Yana dariya yake faɗa, amma ya ƙara da cewa, "Ai tsinuwar ba ga mai sha kaɗai ta tsaya ba, Hamdi. Har mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da wanda aka ɗauko wa." Ni kuma na gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, na ce, "Ƙwarai kuwa." A ranar ma na ƙara son sa, kun ji masifa.

To ana nan sai Madam ta ce mu shirya, za mu bi hanya da mota daga Paris har Lyon, mu riƙa tsayawa gidajen masu sayen tsironmu, mu ɗanɗana abin da suka yi da shi. Na dawo gida na ce da Tanti aiki zai kai ni Lyon, ina fatan ta ce ƴa mace ba ta tafiyar kwanaki, in samu hujja. Ina! Tana tsame kaza daga mai ta juyo da matsami a hannu.

"Lyon kinka ce? Alhamdu lillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama! Miƙo min talho in kira Hajiya Yelwa."

"Tanti, aiki ne fa, ba lokaci..."

"Mi? Ki shiga garin uwar mijinki ki hito ba ki gaishe ta ba? Sai dai in ba ni na riƙe ki ba."

Kafin kazar ta huce an gama magana: ranar Asabar bayan la'asar Madam za ta sauke ni a Vénissieux, ƙofar gidan su Kamalu, in kwana ɗakin ƙanwarsa Raliatou. Tanti ta zaunar da ni ta zana mini lalle har gwiwar hannu. Ta ciro atamfarta shuɗiya mai zanen ganye da ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta sa aka rage mini. Ta haɗa tsaraba a jakar ledar nan mai ja da shuɗi ta kasuwar Barbès: kilishi, yajin ƙuli, turaren wuta kwalba biyu, da turmin atamfa. Tana ɗaure bakin jakar tana karanta mini dokoki. Kada in zauna kan kujera sai an matsa mini. Kada in cika ciki. Kada in kira sunan Kamalu a gaban uwarsa.

"Kuma in sunka zo tarbarki, ki sakar musu kaya. Baƙo ba ya ɗaukar kaya, kada ki nuna musu halin Turawa."

Ku riƙe wannan ta ƙarshen, ƴan uwa.

Muka kama hanya cikin tsohuwar farar motar Madam, bayanta cike da ƙananan buhunan tsiro, sai akwatina da jakar Tanti a gefe. Gidan farko kusa da Sens yake, tsohon garken shanu ne aka gyara aka jera tukwanen ƙarfe masu ƙyalli, kowace ta fi ni tsawo. Muna shiga ƙamshi ya buge ni, na tsaya cak. Wallahi ƙamshin tsakar gidanmu ne ranar da Inna take dama kunun zaƙi. Ashe kafin a zuba mata yis ta yi tsami ta zama abin da ta zama, giya kunu ce kawai, mai zaƙi, mai ɗumi. Mai gidan ya ɗebo mini wannan ruwan na farko a kofi, na kurɓa, hawaye ya kusa zubo mini don kewar gida. Na ce a raina, to ai shi ke nan, ni aikina a nan yake tsayawa, abin da ya biyo baya tsakaninsu da Allah. Da wannan nake lallashin kaina tun watanni.

Sai aka kai mu wani dogon tebur aka jera ƙananan kofunan gilashi, daga mai ruwan zuma har zuwa baƙa ƙirin, kowanne da kumfa a ka. Ni kuwa da dabarata na zo. Na taɓa gani a talabijin masu gwada ruwan inabi suna kurɓa su tofar a bokiti, na ce in abin ya matsa haka zan yi, in wanke baki in yi istigfari. Na duba ƙarƙashin tebur, na duba gefe.

"Ina bokitin?" na tambaya.

"Wane bokiti?"

"Na tofarwa."

Mutumin ya kwashe da dariya har gemunsa na rawa. Ya ce ai wannan ba ruwan inabi ba ne, giya ba a tofar da ita. Ɗacinta can ƙarshen maƙogwaro ake jin sa, wanda bai haɗiye ba bai ɗanɗana komai ba. Ya turo mini kofin farko, duk ma'aikatansa suka zuba mini ido suna murmushi. Na kalli kofin, na kalli lallen Tanti a hannuna.

Madam ce ta cece ni. Ta ce, "Elle ne boit pas, ba ta sha. Amma ka ba ta ta shinshina, hancinta ya fi bakinka."

Na ɗauka na kai hanci. Abin da ya fi ba ni kunya, ƴan uwa, shi ne na iya. Na ce wannan an busar da tsironta da wuta mai yawa, waccan furen nan mai ɗaci da suke sawa ya danne dawar, ta ukun kuma ita ce daidai. Suka yi ta tafa mini. Kuma na ji daɗin tafin, ba zan ɓoye muku ba. Ina jin daɗin ina jin tsanar kaina.

Muna komawa mota wayata ta yi ƙara. Saƙon Kamalu ne.

"Matafiya, kun isa ina? Me aka gwada yau?"

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. "Kunu."

"Ki rage mini, kar ki shanye. Inna ta sa an wanke labule saboda ke, ni ban taɓa samun wannan gatan ba."

Na tura masa fuskar dariya. A bayan mota kwalaben da aka ba mu kyauta suna ta karo da juna, ƙyal, ƙyal, duk ramin da muka faɗa.

Haka muka yi ta yi, gari bayan gari. Auxerre, wani ƙauye da na manta sunansa, sai wajen Beaune. Ko'ina tukwane iri ɗaya, gemu iri ɗaya, dogon tebur iri ɗaya, kuma ko'ina sai an sake bayanin cewa ba na sha, sai wani ya ce, "Ko ɗan kaɗan? Ba mai ganinki ai." A gida na uku wani ya buɗe kwalba ta yi tsartuwa, kumfa ta wanke mini gyale da hannun riga. Suka yi ta ba ni haƙuri suna dariya. A wurin hutawar matafiya na bakin babbar hanya na shiga banɗaki na wanke gyalen a wurin wanke hannu, na tsaya ina busar da shi da injin busar da hannu, mata suna wucewa suna kallona. Na yi azahar da la'asar a bayan wata babbar motar kaya, kan ciyawa, ina sujada ina shinshinar hannun rigata ko warin ya fita. Ban san ko an karɓi sallar nan ba.

Ina sallamewa na tarar da saƙon murya daga Hajiya Yelwa. Tun watan azumi take turo mini, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Ɗiyata, ina wuni, ya hanya? Ki ce ma Baturiyar nan ta riƙa tuƙi sannu, amana ce ta ɗauko. Mi kike so a dahwa miki? Na sa an samo zogale. Allah shi kawo min ke lahiya, ɗiyata."

Na saurara sau uku, na kife wayar a cinya.

Madam tana tuƙi ta kalle ni ta gefen ido. Mace ce mai kirki, gajeren gashi duk furfura, sigari ba ya rabuwa da bakinta. Ta san ban faɗa wa kowa ba, don na roƙe ta kada ta ambaci giya in mun isa.

"Ki faɗa masa mana," ta ce. "Ke fa ba yarinya ba ce. Kuma ko ɗigo ba ki sha ba, ni shaida ce."

"Ba shan ba ne kaɗai, Madam. A wurinmu har wanda ya ɗauka."

"Ya ɗauka kamar yaya?"

"Kamar yadda motar nan ta ɗauko."

Ta waiga baya ta dubi kwalaben, ta ɗaga kafaɗa. Ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba. Can sai ta ce, da niyyar faranta mini, "In kin sa hannu a kwantiragi, ke kaɗai za ki riƙa wannan zagayen. Gwiwoyina sun gaji. Sun fi son ki ma a kaina."

Na ce na gode. Na jingina kai da gilashi ina kallon gonakin inabi suna wucewa. Gaba kura, baya siyaki, ga bel ɗin mota ya ɗaure ni ta ƙirji, ko tsayawa in yi kuka babu wuri.

Ranar Asabar da hantsi muka isa gida na ƙarshe, kusa da Mâcon, na wani saurayi Baptiste, wanda Madam ta aika wa tsiro tun bazara. Ni kuwa da shirin gidan surukai na fito daga otal: atamfar Tanti, ɗaurin kallabi da na ɓata lokaci a kansa, farin gyale, turare. Na yi niyyar zama a mota, Madam ta ce ba zai yiwu ba, mutumin ya ce lallai sai da ni.

Muna shiga ya tare mu da murna kamar an yi masa haihuwa. Ya sa na rufe ido. Da na buɗe, ga akwatin katako a gabana, sabo fil, an ɗaure shi da jan ƙyalle an yi masa fure a sama. Ya kwance, ya ɗaga murfin. Kwalabe ne kwance cikin busasshiyar ciyawa. Ya ciro ɗaya ya miƙo mini da hannu biyu.

A jikin takardar kwalbar an zana mace da kallabi, ta rungumo zangarniyar dawa. A ƙasanta, da manyan baƙaƙe masu lanƙwasa, an rubuta HAMDIYA.

"Sunanki na sa mata," in ji shi, idonsa har ƙyalli yake. "Ba don ke ba da babu ita. Ta riga ta shiga shaguna biyu a Lyon, mutane suna ta tambayar wace ce Hamdiya."

A Lyon, ƴan uwa. Duk faɗin ƙasar Faransa, a Lyon.

Sunan da mahaifina ya yanka rago ya raɗa mini, sunan da ke nufin godiya ga Allah.  Ga mutum ya karrama ni da iyakar abin da yake da shi, ma'aikatansa suna tafi, Madam tana share ƙwalla. Me zan ce? Na ce, "Merci." Ya mayar da kwalbar, ya sake ɗaure ƙyallen da kyau, ya kai akwatin bayan mota da kansa, ya ɗora a kan akwatin kayana don kada ya fashe.

Tun daga nan har Lyon addu'a ɗaya nake yi. Na ce da Madam in mun isa ta bar akwatin a mota, ta tafi da shi, ta zubar, ta yi abin da ta ga dama. Ta ce to, to, tana fama da na'urar nuna hanya da ke ta mayar da mu wuri guda.

Muka iso Vénissieux bayan la'asar. Babu wurin ajiye mota, dole Madam ta tsaya a tsakiyar titi ta kunna fitilu. Ga Kamalu can bakin bene cikin farar shadda, ya sha aski, yana murmushin nan nasa da ke sa in manta abin da zan ce. Ina fitowa na ji guɗa daga sama. Na ɗaga kai, ashe Raliatou ce a taga da wasu mata suna ɗago mini hannu. Na tsaya ina ɗaga musu, ina gyara gyale, ina ƴar kunyar da Tanti ta koya mini. Ban juyo ba sai da na ji bas ta danna oda a bayanmu. Kamalu ya riga ya buɗe bayan mota.

"Wanne da wanne ne nata, Madame?"

Madam tana zaune a sitiyari, direban bas yana zaginta, ta miƙo hannu ta taga ba tare da ta waiwaya ba. "Na gefen dama, duka nata ne, yi sauri!"

Kafin in buɗe baki ya rataya jakar Tanti a kafaɗa, ya ja akwatin kayana, ya rungume na katakon a ƙirji, ya tura ƙofar da gwiwa. Mota ta tashi.

"Kawo wannan in riƙe," na ce. "Kayan aiki ne, a mota ya kamata ya zauna."

"A'a, so kike Inna ta ci ni tara? Baƙuwa da kaya a hannu?"

Muka kama matakala, yana gaba ina baya. Kowane taki ƙyal, ƙyal. A hawa na biyu ya tsaya ya ɗan girgiza akwatin.

"Kwalabe ne? Ko kunun nawa ne aka ɗuro mini?"

Nan ne ya kamata in faɗa masa. Mu biyu ne kawai, ba kowa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai ƙofa ta buɗe a sama, Raliatou ta sauko da gudu ta rungume ni, ta karɓe jakar da akwatin katakon daga hannun yayanta ta yi ciki da su tana kiran, "Inna, ga ta, ga ta!"

Falon ya sha turaren wuta. Jan kafet, sababbin labule, agogo mai hoton Ka'aba, an jera kwanuka a kan ledar cin abinci: dambun zogale, masa, farfesun kaza, fura a ƙwarya. Ƙawayen Hajiya uku suna zaune sun ci ado, an gayyato su ganin amarya. Hajiya Yelwa kuwa ƴar ƙaramar tsohuwa ce, fara, da carbi a wuya. Na durƙusa tun daga ƙofa, ta ce ina, ta jawo ni ta zaunar da ni a jikinta, ta kama hannuna tana juya shi tana yaba lallen.

"Ɗiyata, kin sha hanya. Dubi yadda kinka rame. Baturiyar nan ba ta ba ki abinci?"

Aka yi gaisuwa, aka tambayi Tanti, aka tambayi mutanen Maradi ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ina amsawa, idona yana kan akwatin da Raliatou ta ajiye a tsakiyar falo, gaban uwarta, kusa da jakar Tanti. Ku da kanku ku faɗa: jakar leda ta Barbès, da akwatin katako mai jan fure, wanne ya yi kama da tsarabar suruka?

"Sahadatou ta ce ta ba ki saƙo," in ji Hajiya. "Kai, amma kun yi ɗawainiya. Har da akwati?"

"Hajiya, jakar ce saƙon, wancan..."

"Kunya take ji," in ji ɗaya daga cikin matan, aka yi dariya. "Buɗe mu gani, Hajiya, mu sa albarka."

Raliatou ta tafi kicin ɗauko kofuna. Hajiya ta jawo akwatin, ta ce bismillah, ta kwance ƙyallen a hankali, har ta ninke shi ta ajiye gefe don ya yi mata kyau. Ta ɗaga murfin. Ta ture ciyawar ta ciro kwalba ɗaya ta ɗaga ta wajen haske.

"Zuma ce? Ko man zaitun?"

Wadda ke kusa da ita, Hajiya Husainatu, shekara da shekaru tana gyaran ɗakuna a otal. Kallo ɗaya ta yi wa murfin kwalbar ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Hajiya, aje ta. Wannan ai giya ce."

 Ni dai na san ina zaune, amma ban san inda jikina yake ba. Sai na ji murya daga bakin ƙofa, inda Kamalu yake tsaye tun ɗazu don ba ya shiga cikin mata.

"Nawa ne, Inna."

Duka muka juya.

"Wani abokin aikina ne ya ba ni ajiya. Na aje a ƙasan bene, da na kwaso kayanta sai na haɗo da shi. Ita ba ta san komai ba."

Kamalu, wanda ya bar aiki don kada ya taɓa kwalba, shi ne yake tsaye gaban ƙawayen uwarsa yana cewa tasa ce. Bai san me ke ciki ba sai yanzu, bai san dalili ba, bai tambaye ni ba. Ban taɓa son sa kamar wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar lokacin ba.

Hajiya ta dube shi. "Kai? A gidan nan? Da hannunka ka hawo min da ita, ranar da ɗiyar mutane ta zo?" Hawaye ya gangaro mata. Matan suka sunkuyar da kai, amma na san kafin isha labarin ya gama Vénissieux, kafin gobe ya isa Maradi. Ta juyo gare ni ta kama hannuna. "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ki gahwarce mu. Ba haka na rene shi ba."

Ni take ba haƙuri, jama'a.

Sai ta ɗora mini kwalbar a tafin hannu. "Ni ban yi boko ba. Shi kuma yau ban yarda da bakinshi ba. Ke karanta min, mi anka rubuta a jiki? In san abin da ɗana ya kawo min gida."

Kwalbar ta yi sanyi a hannuna. Ban san lokacin da babban yatsana ya sauka a kan sunan ya rufe shi ba, sai matar mai kallabi da zangarniyarta ake gani. Na ɗaga ido. Kamalu yana kallon yatsan nawa, daga inda yake ya riga ya hango abin da ke ƙarƙashi. Ya girgiza mini kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Wato in yi shiru, in karanta wani abu daban, in bar masa. Da na bi shi, da an ci dambu, da an sa rana, shi kuma ya zama ɗan Hajiya Yelwa mai ajiyar giya har abada.

Na ɗauke yatsana.

"Sunana ne, Hajiya. Hamdiya aka rubuta. Ba tasa ba ce, ni aka ba. Da tsiron da nake yi a wurin aiki ake dafa ta. Ban taɓa sha ba, amma aikina ke nan."

 Kamalu ya sunkuya yana kallon hannuwansa biyu, waɗanda suka rungumo akwatin tun daga titi. Na jira Hajiya ta yi faɗa, ta zage ni, ta kore ni, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta share ido da bakin mayafi, ta ɗan matsa gefe har iska ta shiga tsakaninmu. Sannan ta ɗaga murya, a natse, wajen kicin.

"Raliatou, kawo ma baƙuwa ruwa. Ta sha hanya."

Baƙuwa, ƴan uwa. Ni da tun watan azumi ba ta da sunan kirana sai ɗiyata.